Furen Zabo da Albasar Abzin: Tarihin Dukiyar da ke Ƙarƙashin Ƙasa

In ka bar Agadas ka nufi arewa kan hanyar Arlit, bayan tafiyar kilomita kamar 160 za ka iso kusa da wani wuri da ake kira Imuraren. Ba za ka ga kome ba sai fili da tsakuwa da ƙaya jefi-jefi. Amma a ƙarƙashin wannan fili akwai ƙarfen uraniyom mai yawan gaske. Masu bincike na Faransa suka gano shi a shekarar 1966. Ana lissafa shi cikin manyan wuraren uraniyom na duniya.

Gabas da wannan fili kuma duwatsun Abzin ne. A cikin kwazazzabansu akwai wata dukiya, ita ma a ƙasa take kwance. Wannan dukiya ita ce albasa. Yau za mu ba ka tarihin tsire-tsire masu kai irin na albasa. Za mu fara daga nesa, daga wani fure da ba ka taɓa gani ba, sa'an nan mu dawo gida. Ka yi haƙuri ka bi mu, gama labarin ya shafi garkarka da aljihunka.

Furen da ya yi kama da zabo

Ka san yadda albasa take. Tana tara abinci da ruwa a cikin kanta. Ganye ya bushe, kan ya kwanta shiru, ka ce ya mutu. Lokaci ya yi, sai ya sake tohowa. Akwai tsire-tsire da yawa a duniya masu wannan hali. Waɗansu ana cinsu, waɗansu ana magani da su, waɗansu kuwa don kyan furensu kawai ake shuka su.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda masana ke kira fritilariya. Irinsa ya fi 100. Yana fitowa da kansa a ƙasashe masu sanyi, musamman duwatsun Turkiyya da Iran da Sin da yammacin Amurka. Furensa ba ya kallon sama. Yakan sunkuyar da kai ƙasa kamar ƙararrawa. Akwai wani irinsa a Turai mai ɗigo-ɗigo a jikin fure, kamar gashin zabo. Da mutanen Turai na dā suka gan shi, sai suka tuna da tsuntsun nan namu na Afirka, suka sa masa sunan zabo a harshen masana. Shi ya sa mu ma a nan za mu kira shi furen zabo.

Akwai wani babban irinsa mai tsawo, yakan kai ƙugun mutum. Furanninsa ja ne ko ruwan ɗorawa, sun kewaye kan sandar kamar rawani, ga tukkun ganye a bisa. Turawa na kiransa kambin sarki. Mutanen Iran kuwa suna kiransa furen da ya kife. Har yanzu jama'a kan hau duwatsun Zaguros na ƙasar Iran don kallonsa in sanyi ya wuce.

Daga Santambul zuwa Turai

Sarakunan Turkiyya na daular Usmaniyya masu son furanni ne ƙwarai. Suna da manyan garake a birnin Santambul. Daga nan ne jakadu da fatake suka riƙa ɗaukar kawunan furanni suna kai su Turai. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne halin da muka faɗa ɗazu. Kan da ya kwanta yana iya yin watanni cikin jaka bai mutu ba. Fure kuwa kwana biyu ya yi yaushi.

Wajen shekarar 1576 kambin sarki ya isa birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A lokacin akwai wani masanin tsirrai mai suna Karolus Kulusiyus, shi ke kula da garkar sarkin ƙasar. Wannan mutum ya tara kawuna iri-iri, yana shukawa, yana rubuta halin kowanne, yana aika wa abokansa. A 1593 ya koma birnin Laidin na ƙasar Holan, ya tafi da kayansa. Cikinsu har da wani fure mai suna tulib. Mutane suka yi ta sha'awa, har ɓarayi suka riƙa shiga garkarsa suna tone kawunan.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Masu kuɗi a Holan suka shiga gasar mallakar kan tulib da ba kowa ke da irinsa ba. Farashi ya yi ta hawa. Waɗansu kawuna kuɗinsu ya kai na gida sukutum. Mutane suka fara sayen kan da ke cikin ƙasa tun ba su gan shi ba, a kan takarda kawai, don su sayar gobe su ci riba. A watan Fabrairu na 1637 masu saye suka janye. Cikin 'yan kwanaki farashi ya faɗi. Waɗanda suka yi alkawarin biyan kuɗi mai yawa suka rasa yadda za su yi.

Amma ka lura da wani abu. Masu caca da farashi ne suka faɗi. Manoman da suka san yadda ake renon kai da ajiye iri mai kyau sun ci gaba da aikinsu. Yau kusan shekara 400 ke nan, kuma ƙasar Holan ita ce kan gaba a duniya wajen sayar da kawunan furanni.

Yadda masu tara shi ke wahala

Har gobe akwai masu tara furen zabo a Ingila da Holan da Amurka. Aikin yana da wuya. Da yawa daga cikin irin sun saba da duwatsu inda ake sanyi mai tsanani, sa'an nan rani ya zo ƙasa ta bushe ƙamas. A Ingila kuwa ruwan sama ba ya ɗaukewa. In ruwa ya taɓa kan lokacin da yake kwance, sai ya ruɓe. Saboda haka suna gina ɗaki na gilashi, rana ta shiga, iska ta shiga, ruwan sama kuwa ya tsaya waje. Suna sa kowane kai cikin tukunyarsa da ƙasa mai tsakuwa. Suna rubuta sunansa da inda ya fito a jikin wani ɗan allo. Wanda ya shuka ƙwayar iri sai ya jira shekara 4 ko 5 kafin ya ga fure.

Ashe ka ga, ba su fi ka dabara ba. Abin da suke yi da gilashi shi kake yi da rudu. Kai ma ka san albasa ba ta son laima in an ajiye ta. Shi ya sa kake ɗaga ta bisa ƙasa, ka bar iska ta ratsa.

Abin da kwaɗayi ya jawo

Da masu saye suka yi yawa, sai tonon daji ya tsananta. A Turkiyya, cikin shekarun 1980, ana tone miliyoyin kawunan furanni daga duwatsu kowace shekara ana kai su Turai. Talakawan ƙauye ke yin tonon, kuɗi kaɗan ake ba su. Waɗansu wurare suka fara ƙarewa. Daga baya gwamnati ta kafa doka, aka hana fitar da waɗansu iri, aka kuma koya wa mutanen ƙauye su riƙa shuka kawunan a gonakinsu.

A Ingila ba tono ne ya yi ɓarna ba. Furen zabo yana son fadama. Bayan yaƙin duniya na biyu aka janye ruwan fadamu da yawa aka nome su. Furen ya ɓace daga yawancin wuraren da aka san shi. Yau mafi yawan wanda ya rage a dajin ƙasar yana cikin fadama guda ɗaya, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Kirikiled, kuma hukuma ke tsaronta.

Labarin ƙasar Sin ya fi ban mamaki. A can ana maganin tari da kan wani irin fritilariya da ke fitowa bisa manyan duwatsu. An fi shekara 2000 ana tono shi. Kawunan ƙanana ne, sai an tara fiye da 3500 kafin a sami kilo ɗaya. A 2020 masana suka ba da sakamakon wani bincike. Inda mutane ba sa zuwa sosai, tsiron kore ne shar. Inda ake yawan tono kuwa, ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, kamar dutsen da yake kai. Me ya kawo haka? Mai tono yana ɗauke wanda ya gani. Wanda ya ɓuya shi ke saura, shi ke yin iri. Shekara da shekaru, sai 'ya'yan masu ɓuya suka cika wurin.

Riƙe wannan magana da kyau, don za mu dawo kanta. Abin da aka bari a ƙasa shi ke zama irin gobe.

Mu ma muna da namu

Kada ka ce tara kawuna sana'ar Turawa ce. Ka san gadali. Ka san albasar kwaɗi da ke fitowa a bakin tabki da damina, mai farin fure. Tun kakanni Hausawa da Fulani suna tono irin waɗannan daga daji, su dasa cikin tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Kowanne da sunansa, kowanne da abin da ake cewa yana yi, ga na kasuwa, ga na shanu. Mai shi ba ya nuna wa kowa, kuma ba ya ba da shi a banza. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya tara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a littafi a 1916. Sai dai ka sani, da yawa daga cikin kawunan daji suna da dafi. A nisanta su daga yara da awaki.

Amma babbar gadonmu ita ce albasar ci. Asalinta daga tsakiyar Asiya ne. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun noma ta, har sun zana ta a bangon kaburburansu. Sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, don daga Larabci muka aro shi. Da ta iso ƙasar Hausa, manoma suka riƙa zaɓe. Kowace shekara su ware wadda ta fi kyau, ta fi jure zafi, ta fi daɗewa a ajiye. Haka aka sami albasar Galmi, wato garin nan da ke tsakanin Ƙonni da Madawa a jahar Tawa. Haka aka sami ta Sumarana a kwarin Maraɗi. Ba wani ofis da ya ƙirƙiro su. Daga baya ne ma'aikatan binciken noma suka ɗauki irin suka tace shi. Yau Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Ana cinta a Kumasi da Abijan da Kwatano.

Da sunan albasar Galmi ya yi nisa, sai wani kamfanin sayar da iri na ƙasar waje ya nemi a rubuta masa ita a matsayin mallakarsa, a hukumar OAPI mai kula da irin wannan haƙƙi a ƙasashen Afirka da dama. Wannan ya faru cikin shekarun 2000. Ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka tashi tsaye suka ƙi. Kamfanin bai sami sunan Galmi ba. A 2023 hukumar ta ba Nijar takardar shaida cewa wannan suna na albasar yankin ne. Da manoma sun yi barci, da wata rana sai an nemi su biya kafin su sayar da irin kakanninsu.

Garakan Abzin da garuruwan uraniyom

Yanzu mu koma arewa. Ruwan sama a Arlit bai kai milimita 100 ba a shekara. Amma duwatsun Abzin suna tare ɗan ruwan da ya sauka, ya gangaro cikin ƙoramu, ya nutse cikin rairayi. A bakin waɗannan ƙoramu Abzinawa suka haƙa rijiyoyi tun da daɗewa. Sa ko raƙumi ke jan guga, yaro yana kora shi, ruwa ya bi ƙananan hanyoyi ya shiga fangali. A Timiya da Tabalot da Iferwan ana noma alkama da masara da dabino. A bisa dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022, wuri mafi tsawo a Nijar, sanyi ya sa tafarnuwa da dankalin turawa suna yi sosai.

Abubuwa uku suka sāke wa waɗannan garake kama.

Na farko shi ne garuruwan ma'adini. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978. Dubban ma'aikata suka taru a wurin da dā babu gari. Duk suna buƙatar miya. Masu garka suka sami kasuwa a kusa. A gefen Arlit da Akokan ma mutane suka buɗe garake.

Na biyu shi ne fari. A 1973 da 1974, da kuma 1984, dabbobi suka mutu da yawa. Ayarin gishiri ya yi rauni. Makiyaya da dama da suka rasa garke suka koma haƙa rijiya da noman garka.

Na uku shi ne hanya. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit, tsawonta ya fi kilomita 600. Don uraniyom aka yi ta. Amma hanya ba ta tambayar abin da mota ta ɗauko. Manyan motoci suka fara ɗaukar buhunan albasa daga Agadas zuwa kudu.

Daga shekarun 1990 injin ban ruwa ya fara maye gurbin sa da raƙumi. Garake suka ƙara faɗi, albasa ta zama babbar hanyar kuɗi. Masu garkar Abzin suna da wata sa'a. A kudu, albasa amfanin rani ce. A duwatsu kuwa, da yake ruwa bai yi yawa ba kuma akwai sanyi, ana iya noma ta da damina. Tana isa kasuwa wajen ƙarshen shekara, daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, farashi ya hau.

To, yaya Imuraren ta ƙare? A 2009 gwamnati ta ba kamfanin Areva na Faransa izinin haƙa, Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashin aikin. Samari da yawa suka sa rai. A 2011 aka yi haɗari a tashar lantarki ta Fukushima a Japan, farashin uraniyom ya faɗi. Wajen 2014 aka dakatar da aikin. A watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe, don ƙarfen da ke raminsa ya ƙare. A watan Yuni na 2024 gwamnatin Nijar ta karɓe izinin Imuraren daga hannun kamfanin, wanda a lokacin ya koma suna Orano. Daga 1966 zuwa wannan rana shekara 58 ke nan, ba a sayar da ƙarfen wurin ba. Cikin waɗannan shekaru masu garka sun ci gaba da cire albasa.

Abubuwa biyu da za su iya ƙarewa

Ƙarfe in an haƙe shi ba ya tohowa. Albasa tana tohowa, amma da sharaɗi biyu: ruwa da iri.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa iri biyu ne a wannan yanki. Na bakin ƙorama yana dawowa in damina ta yi kyau. Na can ƙasa sosai, wanda garuruwan ma'adini ke sha, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da Sahara take da dausayi. Shi in an zuƙe, ba zai dawo a zamaninmu ba. Ko na ƙorama ma yana da iyaka. Sa yakan gaji ya huta, rijiya ta huta tare da shi. Inji kuwa ba ya gajiya sai mai ya ƙare. In kowa ya ja yadda ya ga dama, rijiyoyi za su yi ta zurfi, mai ƙaramin ƙarfi shi zai fara barin garkarsa. Akwai kuma zancen tsabta. A 2009 ƙungiyar Greenpeace da wani ɗakin bincike na Faransa suka auna ruwa a Arlit da Akokan, suka ce sun sami uraniyom fiye da ƙima a waɗansu wurare. Kamfanin ya musanta cewa akwai haɗari. Mai garka kusa da ma'adini yana da haƙƙin ya nemi a auna ruwansa a faɗa masa gaskiya.

Iri kuwa yana hannunka. Albasa sai ta yi zagaye biyu kafin ta ba da iri. A karo na farko ka shuka ƙwaya, ka dasa, ka cire kai. A karo na biyu ka mayar da kan cikin ƙasa lokacin sanyi, ya fid da sanda, ya yi fure, ya ba da baƙar ƙwaya. A nan ne ake yin kuskure. In farashi ya hau, mutum ya sayar da manyan kawuna masu kyau duka, ya bar rubabbu da ƙanana da masu rabewa biyu don iri. Ka tuna da furen ƙasar Sin. Abin da ka bari shi zai haifi na gobe. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Gaskiya ne, halin uwarta take yi.

Saboda haka, ranar cira, kafin dillali ya iso, ka ware na iri tukuna. Zaɓi masu tauri, masu siririn wuya, masu launi ɗaya, waɗanda ba su yi fure tun karon farko ba. Ajiye su inda iska ke ratsawa. In ka dasa su, kada su yi kusa da wata irin albasa mai fure, gama zuma da ƙudaje suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa waccan, iri ya gauraye. Ka yi shawara da maƙwabtanka a kan wannan. In ƙwaya ta bushe, zuba ta cikin gora ko kwalba a wuri mai sanyi. Rubuta sunanta da shekarar a jiki, don ƙwayar albasa ba ta daɗewa, bayan shekara ɗaya ko biyu ƙarfinta ya ragu. In kuma akwai wata tsohuwar iri a garinku, fara ce ko ja, wadda mutane suka fara bari don ba ta da kasuwa, ka ware mata fangali ko guda ɗaya. Wata shekarar ciwo ko fari zai zo, kuma mai yiwuwa ita ce za ta jure.

Turawa suna gina ɗakin gilashi don su tsare kan fure guda. Kai naka yana ciyar da gida, yana biyan kuɗin magani da na makaranta. Bana, in Allah ya kai mu cira, buhun farko na iri ne.